Kifin Iri a Tukunyar Sadakar Uku

Mu na Allah ne, kuma gare shi ake mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Wannan karo kira ya faɗa kan kawuna, ƙanen mahaifiyata, sarkin ruwan ƙauyenmu da ke tsakanin Attantane da Gidan Amumune. Ya cika da hantsi, a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa a gabas kullum yana watsewa. Saƙon ya iske ni a Tasawa bayan an riga an kai shi makwanci, saboda haka ban sami jana'iza ba. Na isa ranar sadakar uku.

Na zauna a rumfar ƙofar gida ina sauraron masu gaisuwa. Na yi shekaru masu yawa ina karɓar hadda a lakwal, makarantar boko, inda ake ce mini Mushe, wato malam, na kuma san muryar wanda yake faɗin abin da bai fahimta ba. Liman ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri. Wannan ba daidai ba ne: kawu bai da haƙuri da kowa sai kifi. Wani dillalin wake ya ce marigayi bai taɓa ɓata wa mutum rai ba, alhali shi mai maganar kawu ya taɓa fizge masa famfon feshi a bakin tabki ya wurga cikin ƙaya, duk gari ya sani. Wani dattijo ya ce, "To, ya huta da tabki, tabki ya huta da shi," aka rufe baki da hannun riga ana dariya ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa ce kaɗai, daga cikin zaure, ta faɗi gaskiya cikin kuka. Ta ce tun da mijinta ya mutu ba a taɓa yin su a tabki ba marigayi bai aiko mata da rabonta na kifi ba, kuma bai taɓa tsayawa a gode masa ba.

Bayan addu'a aka fito da abinci. A wajenmu gumba da masa aka saba gani ranar uku, amma sai ga tuwon hatsi da miyar kifi, kwano bayan kwano. Babban ɗan marigayi, wanda yake taubashina tun da shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, yana zagayawa yana cewa, "Sarkin ruwa ya tahi, ai ba a yi mai sadaka da gumba tsura. Ku ci kihi, ku yi mai addu'a."

Na yi loma uku. Na faɗi adadin ne domin ba na son in rage wa kaina laifi. Ina shirin ta huɗu sai dillalin nan ya ɗago wani abu daga kwanonsa, tsawon tafin hannu, cike tam, ya nuna wa jama'a.

"Ku duba, jama'a! Ƙwai! Shekara nawa marigayi shina ce muna maganin feshi ya kashe haihuwar kihi? To wanga mine ne? Allah shi jiƙan shi, amma tsuhwa ce ta kama shi."

Aka yi ta miƙa wuya. Wasu suka tona nasu kwanon, suka sami nasu ƙwan, suka ɗaga. Ni kuwa na tuna cewa na biyo ta bakin tabki da safe, na gan shi ya dare, babu komai sai ɗan caɓi a tsakiya da kwalaben magani a kife. Babu tarwaɗa mai wannan girma da za ta fito daga can. Na kira taubashina na tambaye shi inda aka sami kifin.

"Ramin Baba mana, Mushe. Ina kuma? Ga su nan sun yi ƙiba ba mai ci. Saura ma mun bar su na ran bakwai."

Na wanke hannuna. Abin da jama'a suka ci a ranar nan ba kifin miya ba ne. Iri ne, wato iyayen da kawu ya yi shekara huɗu yana renonsu da ruwan rijiya, domin ya sake ta da kifin garinmu daga gare su. An dafa su, an cinye, an kuma ɗaga ƙwansu an kafa hujja da shi a kan mutumin da ya rene su, kwana uku da binne shi. Na rubuta wannan ta'aziyya ne domin a san wanda aka rasa, a kuma san abin da aka ci.

Sarautar ruwa a ƙauyenmu ba ta da rawani, aiki ce. Tabkinmu na damina ne, yana cika da ruwan sama, yana janyewa da rani. Daga ruwan farko har kaka, sarkin ruwa yana hana kowa jefa koma ko ƙugiya. Idan lokaci ya yi sai ya sa ranar su, gari duka ya shiga. Shi ba ya shiga. Yana zama a baki da babban masaki cike da ruwa, duk wanda ya fito sai ya zube kamunsa gabansa. Ya ɗauki kowace tarwaɗa ta bayan ƙaya, ya juya ta, ya dubi cikinta. Namiji yana da ɗan tsiro kusa da wutsiya, mace ba ta da shi, cikinta kuma yana da taushi da faɗi. Waɗanda suka yi masa sai ya jefa a masaki, mai su kuwa ba ya cewa uffan, ko da ita ce babbar da ya kama. Waɗannan su ne iri. Yana kai su wani rami da ke bayan ɗakinsa, ƙarƙashin bishiyar bedi, an rufe shi da zana. Duk rani yana ciyar da su da dusa da gara da hanjin kaza, yana sauya musu ruwa bayan kwana biyu, guga bayan guga. Ranar da ruwan sama ya cika tabki har ya hau ciyawar baki, sai ya ɗauke su a tulu ya mayar, domin a cikin wannan ciyawa suke zuba ƙwai. Haka ya gada daga kakana, bai kuma taɓa tsallake shekara ba sai da tabki ya lalace.

Daga wannan aiki ya sami maganar da ba ta barin bakinsa. Ko tabarma aka kawo masa talla, ko labari aka kawo masa na wani, sai ya ce, "Juya shi ka gani." Ya faɗa mini ita ranar da na kawo masa takardar shaidata ta malanta, mai hatimi da jan zare. Ya karɓa, ya juya bayanta, ya ga fari fat, ya miƙo mini. Na yi fushi a lokacin. Limaman mishan da suka koyar da mu sun horar da mu a kan ja layi da tsabtar rubutu, ɗigon tawada guda yana sa a yage shafi a sake, kuma na fito daga hannunsu ina ganin duk abin da ba a rubuta da kyau ba bai kai a saurare shi ba. Kawu bai san baƙi ba, sai na sallah.

Amma shi ne ya tako da ƙafa har Tasawa, tulu a kafaɗa, lokacin da matata ta sha wuyar haihuwar fari ta kasa cin komai. Ya sauke tulun a tsakar gida, tarwaɗa biyu suna motsi a ciki, ya ce a yi mata romo. Na ce ai da ya kawo masu ƙiba. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Masu ƙiba mata ne. Ka taɓa ganin an yanka uwa don a yi ma uwa romo? Maza ne, ta sha, za ta tashi."

Ta sha, ta tashi. Bai kwana ba, ya ce ranar sauya ruwa ce gobe.

Lalacewar ta shigo a hankali, shi ya sa ba ta da ranar da za a ce ta fara. Maganin ciyawa ya zo daga kasuwannin iyaka, mutane suka ga ya fi cire ciyawa da haiwa sauƙi. Maganin ƙwarin wake ya biyo baya. Ba na zargin manomi da son sauƙi, na san abin da noman rani da na damina suke yi wa bayan mutum. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ƙazantar da ta biyo. Kowa ya goya famfonsa ya nufi tabki, can zai ɗebi ruwan haɗi, can zai dawo da yamma ya kurkure, ya tuttular da sauran, ya jefar da kwalba. Ledar kasuwa iska ta kwaso ta zube a ciki. Gidan sauro mai magani can ake wanke shi. Kumfa fari ya riƙa kwanciya a bakin ruwa, a daidai ciyawar da kifi ke haihuwa, kuma a daidai wurin da shanu ke sha. Taubashina ya buɗe shagon magungunan nan a kasuwa, kwalabe jere, rubutun jikinsu da harshen da shi kansa ba ya karantawa. Idan an tambaye shi awo sai ya ce murfi biyu, in ciyawa ta yi taurin kai uku.

Kifin bai mutu ba. Wannan shi ne mugun abin. Da ya mutu ya taso sama, da wari ya kori mutane sun tashi tsaye. Sai ya zauna lafiya, har ya fi da girma, mutane suna cewa magani ya karɓe shi. Kawu kaɗai ya lura cewa baƙin gungun ƴaƴan kifi da ke yawo cikin ciyawa bayan ruwan farko yana raguwa kowace damina. A ranar su kuma ya riƙa juya mata yana jin cikinsu fayau. Idan an fede, jakar ƙwan ta tsuke, ko kuma ruwa ne tsululu a ciki.

Wata ranar kasuwa ya iske ni a gida, ya ce in rubuta masa wasiƙa da Faransanci zuwa ga hukuma. Na ja layi, na rubuta gaisuwa yadda ta dace, na ce ya faɗi.

"Rubuta: namijin tarwaɗa ya yi ƙwai."

Na ajiye alƙalami. Na ce masa na koyar da darasin halittu ga yara masu yawa, kuma ba zan sa hannuna a ƙarƙashin maganar da za ta sa a yi mini dariya ba.

"Dariya kake tsoro?"

Na ce kuskure nake tsoro.

"Kai ka gani, ko ni na gani?"

Na ce abin da ido ya gani sai an tabbatar da shi. Ya tashi, ya bar abincin da aka kawo masa ko buɗewa bai yi ba. Mako na zagayowa sai ga shi da ƙwarya an rufe ta da jiƙaƙƙen buhu. Bai yi sallamar kirki ba. Ya ɗora tarwaɗa a kan teburina, a kan takarduna, ya juya ta, ya nuna mini tsiron da yatsa.

"Mine ne wanga, Mushe?"

Na ce namiji ne.

Ya zaro wuƙa ya tsaga. A cikin namiji akwai fararen tsoka biyu masu baki kamar zankon zakara, su ke ba da ruwan da ke raya ƙwai. Na wannan sun yamushe sun yi launin toka, a jikin ɗaya kuma ga wasu ƙananan ƙwayoyi a manne, kamar gero ya jiƙa. Jini ya bi ta kan rijistar da na yi mako ina shiryawa.

Ina da maƙwabci a Tasawa, tsohon ma'aikacin gandun daji wanda ya yi aikin zuba kifi a tabkuna. Na kira shi ya duba. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya yi mana bayani. Ya ce jikin kowace dabba yana haɗa wasu sinadarai da kansa, masana suna kiransu ormon, su ne ƴan aiken da ke bin jini suna gaya wa mace lokacin yin ƙwai ya yi, suna gaya wa namiji ya zama namiji. Ya ce a cikin wasu magungunan ciyawa da na ƙwari, da wasu robobi, akwai abubuwan da ke shiga jiki su yi kama da waɗannan ƴan aike, su kai saƙon ƙarya ko su tare na gaskiya. Ɗan kaɗan ya isa, wanda ba zai kashe ko talibambam ba. Kifi zai ci, ya yi ƙiba, amma mace ta rage ƙwai, namiji ya rikice. Ya ƙara da cewa ba zai rantse a kan tabkinmu ba sai an auna ruwan, kuma wurin aunawa yana da nisa.

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato an yi ma kihi ƙarya cikin jini nai." Ya juyo gare ni. "To, yanzu ka rubuta?"

Na rubuta. Ga laifina, kuma ba zan yi masa ado ba. Na rubuta wasiƙar, na ga ba ta da sunan maganin, na ajiye sai na samo. Na samo sunaye, na ga ban san wanne ne a cikinsu ba. Na sake shiri, na cire maganar kawu ta farko domin ta yi tsirara da yawa, na sa wata mai ladabi. Na ga babu awo. Na kwafe ta sau bakwai da hannuna, kowane kwafi ya fi na baya kyau, ko ɗaya bai bar akwatina ba. Sau biyu kawu yana tambaya. Na biyun cewa ya yi, "Takardar taka ta gama kwalliya?" Daga nan bai sake tambaya ba, kuma na fi jin zafin shirun.

Ya koma ya yi yaƙinsa yadda ya iya. Ya yi wa mai gari magana, mai gari ya yi shela, aka bi kwana uku. Ya zauna a bakin tabki da sanda, sai suka riƙa zagayawa ta ɗaya gefen. Ranar da ya wurga famfon dillali cikin ƙaya, an taru an ba shi rashin gaskiya, ɗansa na cikinsa ne ya je ya ba da haƙuri a madadinsa. Na ji abin da ya gudana tsakaninsu a gida, domin ina nan.

"Baba, gari duka ana feshi. Ni ɗai za ni bari? Da mi za ni ciyar da jikokinka?"

"Ban ce ka bari ba. Na ce ku gina rami nesa da ruwa ku wanke ƙazantarku can. Guga biyu ne. Guga biyu sun fi ƙarhinku?"

"Rijiya da nisa, Baba."

"Ni da ke jan guga ashirin don kihi, ƙahwa huɗu gare ni?"

Ba a gina ramin ba. Har yau ba a gina shi ba.

Da ya ga haka sai ya daina ɗaukar iri daga tabkinmu. Ya yi tafiyar yini zuwa wani tabki na makiyaya da babu gona kusa da shi, ya samo ƙananan tarwaɗa, ya zuba a raminsa, bai bar ɗigon ruwan tabkinmu ya taɓa su ba. Suka girma. Kowace bazara matan suka riƙa cika da ƙwai, na tabki kuwa fayau. Duk wanda ya zo gidan sai ya kama guda ya juya masa, ya ce ya taɓa. Ban san ko masana za su karɓi wannan a matsayin hujja ba. Ni dai na taɓa da hannuna.

Saura wurin sakinsu. Tarwaɗa ba ta zuba ƙwai a rami, sai ta ji sabon ruwa ya hau ciyawa. Ya ƙi mayar da su cikin kumfa. Ya duba ƙasar garin duka, ya sami wuri guda da ba a wanke komai: wani tsohon kududdufi a gefen maƙabarta, inda aka taɓa haƙar ƙasar gini. Ba tsabta ta hana mutane zuwa can ba, tsoro ne. Aibinsa shi ne yana saurin ƙafewa. Rani biyu kawu ya yi yana zurfafa shi da magirbi da kwando, shi kaɗai, tsoho mai fama da gwiwa. Masu wucewa suna cewa sarkin ruwa ya gaji da jira, yana gina kabarinsa da kansa. Zuwana na ƙarshe ya kai ni ya nuna mini, yana haki.

"Bana in ruwa ya sauka, nan za su. Matattu ba su feshi."

Bai ga ruwan ba.

Wannan shi ne abin da na zauna da shi a rumfa, hannuna a wanke, jama'a suna suɗe ƙashi. Da aka watse na ja taubashina gefe, na gaya masa abin da ya dafa. Ya san ramin tun yana yaro, ya san ana kiransu iri, amma a ganinsa wata ɗabi'a ce ta tsofaffi, kamar ajiye tsohon takalmi.

"Haba ɗan mace, kai ma? Kihi ne hwa. Wa za ya tsaya jan guga yanzu? Ni? Ko kai da takalminka mai ƙyalli? Gara a ci a yi mai addu'a da su mutu banza."

Na tambaye shi nawa suka rage.

"Huɗu. Ramammu ne, ba su da auki, shi ya sa anka bar su."

Na je bayan ɗaki na ɗaga zana. An kwarfe ruwan saura kaɗan. Na tattare hannun riga na kama su ɗaya bayan ɗaya, na juya, yadda na ga ana yi shekara da shekaru ban taɓa gwadawa ba. Ƙaya ta soke ni sau biyu. Namiji. Namiji. Namiji. Namiji. Masu kamu sun zaɓi masu ƙiba domin a ƙoshi, masu ƙiba kuwa su ne matan. Na mayar da su, na rufe ramin da zana.

Ban gaisa da matar kawu ba tukuna, sai na nufi ɗakinta. Tana cikin takaba, zaune a tabarma, babu namijin da ke tsallake bakin ƙofarta. Na durƙusa daga waje na yi mata ta'aziyya. Ta amsa a taƙaice, ta ce, "Ka ci?"

Na ce na ci kafin in sani.

"Ni ban ci ba. Matso da kanka, ka dubi randa."

Randar ruwan shanta ce, a bayan ƙyaure. Ta ɗaga faifai. Wani abu baƙi ya motsa a ciki, gashin baki ya leƙo.

"Da sassahe na ji suna kwarhe ramin. Na hito, na ce su bari, sunka ce Inna koma ɗaki, takaba kike. Sai na duƙa kamar za ni ɗibar ruwa, na naɗe guda cikin zane. Shekara nawa ina ganin tsohon nan shina zaɓe, ai na san wadda zan ɗauka. Nan ba mai shigowa." Ta turo randar bakin ƙofa. "Juya ta ka gani."

Na juya. Cikinta ya cika hannuna, da taushi, da nauyi.

Na aika Tasawa aka kawo bunsurun da nake turke da shi, na ba taubashina domin sadakar bakwai, a kan ya bar mini ramammun nan huɗu. Ya karɓa yana dariya, ya ce boko ya gama da ɗan gwaggo, yana musayar nama da ƙaya. Ban koma gida ba. Na zauna ina jan guga, matar kawu tana gaya mini awon dusa daga bakin ƙofarta, tana kuma gyara mini idan na yi kuskure, abin da ban saba ba.

Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka da la'asar, mai ƙarfi. Da gari ya waye na je na ga kududdufin ya cika ya hau ciyawa. Na ari amalanken jaki, na ɗora tulu biyu, mace a ɗaya, maza a ɗaya. Hanyar ta bi ta gefen sabon kabarin, ruwa ya kwantar da ƙasarsa. Na tsaya na yi masa addu'a, sa'an nan na gangara, na kwantar da tulunan cikin ciyawa. Suka fita ba tare da sun waiwaye ni ba.

Na yi mako guda ina zuwa ba na ganin komai. A rana ta takwas na durƙusa na buɗa ciyawa da hannu, sai wani baƙin gungu ya watse ya sake haɗuwa, ƙanana kamar tsinken tsintsiya. Na koma na gaya wa matar kawu. Ta juya fuskarta bango.

A ranar na buɗe akwatin da aka kawo mini daga Tasawa, na bar kyawawan kwafin nan shida, na ɗauki na farko, mai ɗigon tawada, mai maganar kawu a samansa yadda ya faɗe ta. Na sa hannu a ƙasa, na ba mai kabu-kabu ya kai. Ban san abin da za a yi da ita ba. In an yi dariya, na ci bashin ta tun da daɗewa.

Yanzu ina zama a bakin kududdufin daga hantsi zuwa la'asar, da sandar kawu. Na zaci tsoron maƙabarta zai ishe mu tsaro, ashe ban juya mutanenmu na gani ba. Shekaranjiya sai ga dillalin wake, famfo a baya, ya ratso ta tsakanin kaburbura domin gonarsa ta fi kusa da nan.

"Mushe, barka da hutawa. Kurkurawa ɗai za ni yi."

Na ce ba a nan ba.

"Haba Mushe. Ai ƙwai mun gani da idonmu, kai ma ka ci."

Na ce na ci, shi ya sa nake zaune a nan. Na miƙe na tsaya tsakaninsa da ruwan, laka ta shanye takalmina har idon sawu. Ya dube ni, ya dubi sandar.

"Kai ma ciwon ya kama ka?"

Na ce gadonsa na yi.

Ya yi tsaki ya juya. Na bi shi da ido har babban tabki, na ga ya duƙa, na ga farin kumfa ya bazu a kan ruwan da jikokinsa za su yi wanka a ciki kafin magariba.

Allah ya jiƙan kawu, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi daga ruwan da babu mai gurɓata shi. Allah ya ba matarsa ladan abin da ta naɗe a zanenta, ya yafe mini loma uku da shekarun da na ɓata ina ja wa takarda layi. Wanda yake son ya yi wa marigayi addu'a, kabarinsa yana gefen kududdufi, ina nan zaune zan nuna masa. Ya bar famfonsa a gida.